Wa Aka Tambaya Kafin A Ajiye Kwandon Shara?

Kafin leda ta mamaye gari, sharar birnin Kano tana da masu jiran ta. Toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Da rani manoman ƙauyukan kewaye kan shigo da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da takin juji. Wannan musayar na cikin abin da ya sa gonakin gefen birni suka daɗe suna ba da amfani ba tare da an bar su sun huta ba.

Yau idan manomi ya zuba takin bola, sai ya wuni yana tsintar ledar fiya-wata da fasassun kwalabe. Ledar da ba ta kai gona ba kuwa tana cikin kwata, tana jiran ruwan Agusta ya koro ta cikin gidaje.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, a tsakiyar shekarun 1980, aka saba da ranar tsaftar muhalli, kuma har yanzu Asabar ɗin ƙarshen wata ana taƙaita zirga-zirga da safe. Ga hukumar kwashe shara ta REMASAB da motocinta. Amma abin da ke damuna shi ne, idan an zauna tsara inda za a tara shara da ranar kwashe ta, ba kasafai ake gayyatar masu taɓa ta da hannu ba. Uwargida ce ke share tsakar gida. Yaro ko almajiri ne ke ɗaukar bokitin. Idan wurin zubarwa ya yi nisa, a kwatar farko zai juye. Ɗan jari-bola kuwa ya san lungun da ke fitar da ƙarfe da wanda ke fitar da roba fiye da kowane ma'aikacin ofis.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, kuma cikin abin da ya taimaka wa dokar ta samu gindin zama akwai aikin gayyar 'yan ƙasar na wata-wata, wanda bayan an gama mutanen unguwa kan zauna su tattauna matsalolinsu. Zaman nan ne muka rasa. Muna da mai unguwa, muna da limami, muna da Islamiyyar matan aure, inda malama za ta iya ajiye bokiti biyu gaban ɗalibai: wannan na toka da ragowar tuwo, na manomi ne, wancan na roba da gwangwani, na ɗan jari-bola.