Abin da ke sa ƙarfe marar tsatsa ya ciwu a gefen walda

Ƙarfe marar tsatsa, wanda masu sana'a da dama suke kira inokis, baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyom, aƙalla kashi 10,5 cikin ɗari. Kuromiyom ɗin yakan haɗu da iskar oksijin, ya yi wata fata siririya a bisa ƙarfen wadda ido ba ya iya gani. In an karce ta, sai ta mayar da kanta. Amma sunan ya ɗan yi ƙari, domin akwai inda ƙarfen nan yake ciwuwa, musamman kusa da walda.

Idan aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga ba dunƙule guda ba ne: ƴan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da iyakarta. Sa'ad da ake walda, wani siririn yanki da ke ƴan milimita kaɗan daga mahaɗar yakan daɗe cikin zafi tsakanin digiri 450 da 850 a ma'aunin Selsiyus. A wannan zafin, karbon ɗin da ke cikin ƙarfen yakan taru da sauri a iyakokin ƙwayoyin, ya kama kuromiyom ɗin da ke maƙwabtaka da su, su dunƙule tare. Shi kuwa kuromiyom mai nawar tafiya ne, na tsakiyar ƙwaya ba ya isowa da wuri ya cike gurbin. Ta haka gefen kowace ƙwaya yake rasa abin da zai yi fatar kariya. Da ruwa mai tsami ya taɓa wurin, sai ciwuwar ta bi iyakokin, ƙwayoyin su saki juna, alhali waldar kanta da sauran ƙarfen suna nan garau. Edgar Bain da abokan aikinsa suka bayyana wannan dalili a Amurka a 1933.

Ana iya gasa aikin zuwa wajen digiri 1050, a sanyaya shi farat ɗaya, sai dai babban tanki ba ya shiga murhu. Ana kuma ƙara titaniyom ko niyobiyom, su riga kuromiyom kama karbon. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce rage karbon tun wurin narkarwa: samfurin 304 yana iya ɗaukar kashi 0,08 cikin ɗari, samfurin 304L kuwa ba ya wuce 0,03.