Murhun Ado na Lantarki a Gidajen Abuja: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Taɓa Bango

ABUJA — A wasu sababbin gidaje na unguwannin Maitama, Asokoro, Guzape da Katampe, da kuma wasu otal-otal da gidajen haya na 'yan kwanaki, ana ganin wani kayan ado da a da ba a san shi ba sai a finafinan Turai. Akwati ne mai fuskar gilashi da ake kafawa a bangon falo, galibi ƙarƙashin talabijin, inda harshen wuta ke rawa a kan itace ko garwashi, amma babu hayaƙi, babu toka. Shi ne murhun ado na lantarki, wanda ba na girki ba ne. Ga magina da dillalan gidaje da masu sayar da kayan ɗaki, tambayar ita ce ko kuɗin da za a zuba a kansa zai dawo, a birnin da zafin rana kan haura digiri 35 a watan Maris.

Asalin na'urar daga ƙasashen sanyi ne. A Ingila, murhun kwal mai bututun hayaƙi shi ne cibiyar falo, har zuwa watan Disamba na 1952, sa'ad da hazon hayaƙi ya lulluɓe birnin London ya hallaka dubban mutane. Dokar tsabtace iska ta 1956 ta taƙaita ƙona kwal a gidajen birane, jama'a suka koma ga gas da lantarki. Da yake sun saba da kallon wuta, sai masana'antu suka duƙufa wajen kwaikwayon harshenta. Kamfanin Dimplex ya fito da samfurin Optiflame a 1988, daga baya kuma aka ƙera masu amfani da tururin ruwa da haske domin su yi kama da hayaƙi.

Abin da ya wajaba ɗan kasuwa ya gane shi ne, na'urori biyu ne a cikin akwati guda. Ta farko ita ce ta kallo, watau ƙananan fitilu da madubi mai juyawa da ke jefa haske a jikin gilashi. Ta biyu ita ce ta ɗumi, watau wayar da ke yin zafi da fankar da ke hura iskar zuwa cikin ɗaki. A mafi yawan samfura ana iya kunna ta farko ba tare da ta biyu ba, kuma a nan ne lissafin ya rabu gida biyu.

A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Nijeriya, NERC, ta ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu amfani na Rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit. A watan Yuli na shekarar aka tsayar da shi a kan Naira 209.50. Idan aka yi lissafi da wannan farashi, ɓangaren ɗumi mai ƙarfin wat 2,000 da aka kunna sa'o'i uku zai ci yunit shida, watau Naira 1,257 a dare ɗaya, ko Naira 37,710 a kwana 30, ban da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Fitilun kallo kuwa, idan aka ƙaddara suna cin wat 20, aka bar su sa'o'i biyar, ba za su wuce Naira 21 a dare ba, kimanin Naira 630 a wata. Ke nan kuɗin ɗumi ya ninka na kallo sau 60.

Lamarin ya fi tsanani idan wutar kamfanin AEDC ta ɗauke. Wat 2,000 kusan duk ƙarfin ƙaramin janareta ne mai kVA 2.5, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace sa'a ta janareta ta zama abin ƙidaya. Gidan da ya dogara ga inbata ma bai tsira ba. Batirin dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 ne, kuma rabinsa kaɗai ake so a zuƙa domin kada ya lalace, saboda haka ɓangaren ɗumi zai cinye wannan rabo cikin kusan rabin sa'a. Mai gidan da ya kunna ɗumi alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki kuwa, ya biya kuɗi sau biyu ne domin na'urorin su soke aikin juna.

Wannan ba ya nufin ɗumin ba shi da rana. A tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, dare da asuba kan yi sanyi a Abuja, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin kaskon garwashi a ɗakin tsofaffi da masu jego. Illar garwashi a rufaffen ɗaki ita ce iska mai guba da ba ta da wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Murhun lantarki ba ya ƙona komai, don haka ba ya fitar da ita. Sai dai makonni kaɗan ne a shekara ake bukatar hakan. Kasuwar ɗumi ta gaskiya tana Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, inda Turawan haƙar kuza suka bar gidaje masu bututun hayaƙi. A Abuja, haske ake saye.

Ga mai gyaran tsohon gida a Garki, Wuse ko Gwarinpa, akwai hanyoyi uku. Ana iya rataye murhun a bango kamar talabijin, ana iya sayen wanda aka haɗa cikin kabad ɗin falo, ana kuma iya nutsa shi cikin bango. Na ukun ya fi kyan gani, shi ne kuma ya fi haɗari. Yawancin gidajen birnin da bulo mai inci tara ko shida aka gina su, kuma sassaƙe bangon da ke ɗauke da nauyin bene na iya jawo tsagewa. Abin da ya fi dacewa shi ne a tayar da bangon ado na katako ko na allon farar ƙasa a gaban na ainihi, a bar wa murhun gurbi da wurin shan iska. Duk gyaran da zai taɓa ginshiƙi ko ya sauya taswirar gini yana bukatar amincewar Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Babban Birnin Tarayya.

Sa'an nan sai batun waya. A wutar Nijeriya mai bolt 230, wat 2,000 yana jan kusan amfiya tara. Fulogi mai amfiya 13 zai ɗauka, amma a soket na kansa da waya mai kauri, ba a wayar jone da ake haɗa talabijin da firiji ba. Ya kamata ƙwararren mai aikin lantarki da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA ya yi aikin. Idan talabijin za ta zauna a sama, a tabbata zafin ta gaba ko ta ƙasa yake fita, a kuma nisanta labule da kujerun soso. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, don haka sai an riƙa sharewa, yayin da masu tururi ke bukatar tataccen ruwa, domin gishirin ruwan burtsatse kan daskare a cikinsu.

Ga masu shigo da kaya, babbar barazana ita ce canjin kuɗi. Dalar Amurka da ake saye kimanin Naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Kayan ado masu jinkirin fita daga shago su ne suka fi cutuwa da irin wannan girgiza, domin jarin yana kwance. Har ila yau, kayan lantarki na bukatar takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, kafin su fita daga tashar Apapa ko Tin Can. A kuma yi hattara da na gwanjo daga Amurka, waɗanda aka ƙera wa bolt 120, domin da zarar an jona su kai tsaye sai su ƙone.

Inda ribar ta fi tabbata shi ne a aikin hannu. Akwatin kaɗai ake shigowa da shi, amma kabad da firam da dutsen ado da fenti duk ana iya samun su a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ko wajen kafintocin Kugbo. Ɗan kasuwar da ya sayar da murhu tare da kafawa da alkawarin gyara da kayan canji ya fi wanda ya miƙa kwali kawai samun abokin ciniki mai dawowa.

Mai otal ko gidan haya da ke biyan kuɗin wuta da kansa kuwa, gara ya zaɓi samfurin da ba shi da ɓangaren ɗumi, ko wanda ake iya kulle shi, tun da baƙo ba ya duban mita. Wanda ke gina gida domin sayarwa sai ya tuna cewa mai saye a Abuja yakan fara tambayar takardar mallakar fili, da ruwa, da wuta, da hanya. Murhun ado yana iya ƙawata hoton talla, ya sa gida ya fita daban cikin tsara, amma sai an gama da waɗancan tukuna kuɗinsa ke da hujja.