Rangwamen ganyen shayi a waya: inda hanci ba ya kaiwa

A cikin birnin Kano, daga Yakasai har gindin Dala, da wuya ka wuce majalisa bayan sallar isha'i ba ka ga 'yar buta a kan gawayi ba. Koren ganyen da ke tafasa a ciki daga ƙasar Sin yake zuwa, amma al'adar dafa shi ta Sahara ta gangaro mana, shi ya sa har yau wasu ke ce masa shayin Buzaye. Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ganyen shayi ma bai tsira ba. Sai matasa suka koma leƙa waya suna neman sauƙi a Jumia da Konga da Jiji, da kuma wajen masu talla a WhatsApp da Instagram.

Ana dacewa kuwa, musamman a watan Nuwamba da manyan shagunan intanet ke karya farashi. Sai dai tsohon farashin da aka ja wa layi ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne nawa giram ɗari ya kama bayan an haɗa da kuɗin aike, sannan nawa ake sayar da irinsa yau a kasuwar Kurmi ko ta Singa. Kayan da ya taso daga Legas, kafin mai kawowa ya tsaya a bakin titi yana bugo waya don ya kasa gane lungunku, sau da yawa rangwamen ya narke a hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun ganyen. Koren shayi da baƙi duk itace ɗaya ne. Baƙin ana barin sa ne iska ta ratsa shi har ya rine, koren kuwa da an tsinko shi ake gasa shi don ya riƙe launinsa da ƙamshinsa. Wannan ƙamshi ba ya jure ajiya. Zafi da haske da laimar damina suna cinye shi sannu a hankali, ganyen kuma yana zuƙar warin duk abin da aka jibge kusa da shi, ko sabulu ne ko maganin sauro. A Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai saye zai zuba ganyen a tafin hannu, ya murza, ya kai hanci. Mai kyau a murɗe yake tam, da ɗan sheƙi; wanda ya kwana biyu ya koɗe, ya yi gari a gindin kwali, in an dafa sai ɗaci ba ƙamshi. Hoton waya ba ya nuna ko ɗaya daga ciki, alhali ɗan kasuwar da kayansa suka kusa lalacewa shi ya fi kowa saurin karya farashi. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

To, abin da hanci zai yi sai tambaya ta yi shi. A sa mai kaya ya turo hoton bayan kwalin, inda ranar haɗawa da ranar lalacewa da lambar NAFDAC suke. A duba lambar da ke gaban kwalin: 41022 da 4011 da 9371 matakan daraja ne na ganyen Sin, na farkon ya fi na ƙarshen, kada a biya kuɗin na farkon a karɓi na ƙarshen. Wanda ba ka taɓa ciniki da shi ba, fara da ƙaramin kwali, kuma in da hali kada ka tura kuɗi sai kaya sun zo hannu.

Masu shan baƙin shayi su tuna muna da namu na gida, Highland Tea da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda bai ƙetaro teku ba.

A ganina dabarar da ta fi ita ce 'yan majalisa su haɗa kuɗi su sari katan guda, su biya kuɗin aike sau ɗaya. Kowa ya juye rabonsa a gwangwani mai murfi, ya ajiye nesa da murhu da kayan yaji.