Sarautar « Sa » a Ingila

A ƙasar Ingila, idan mutum ya yi wa ƙasa babban aiki, sarki yakan naɗa shi barde. Da Faransanci ana cewa « chevalier ». A da mayaƙan doki ake naɗawa. Yanzu malami ko ɗan wasa ma yana samu.

Ranar naɗi, mutumin yakan durƙusa da gwiwa ɗaya, sarki ya taɓa kafaɗunsa biyu da takobi. Tun daga ranar da aka sanar da ba shi sarautar ana kiransa « Sa ». Haka Sarauniya Elizabet ta yi wa Mo Farah, gwanin gudu, a 2017.

Wannan shi ne matakin farko na bardanci, na maza kaɗai. Ba a ba shi gari, ba a biyansa albashi, ɗansa kuma ba ya gadon sarautar.