Ƙarin Ɗaki da Makewayi, da Sayen Kayansa ta Waya

Gida ya kan yi wa mutanensa kaɗan. Yara sun girma, ko ɗa ya isa aure, ko tsoho ya yi rauni ba ya iya takawa zuwa bayan gida da dare. Sai mai gida ya ce, bana in an cire amfanin gona zai ƙara ɗaki guda da makewayi a jikinsa. Niyya ce mai kyau. Amma da yawa sun fara irin wannan aiki, kuɗi ya ƙare musu gini bai kai rufi ba. Waɗansu kuma sun gama, suka tarar kayan da suka saya ba su dace da ginin ba.

Abin da za ka fara tunani a kai ba bulo ba ne, ruwa ne. Daga ina zai zo, kuma ina zai tafi in an gama amfani da shi?

Mu fara da inda zai tafi. Ramin masai, ko ramin da a ke kira sokawe, tilas ya yi nisa da rijiya. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar mita 30 a tsakani, watau kamar ƙafa 100. In ƙasar wurin tana da gangare, ramin ya kasance a ƙasa, rijiya a tudu. Dalili kuwa, ƙazanta tana bin ƙarƙashin ƙasa a hankali ta shiga ruwan sha, ido ba ya ganinta. Ta haka kwalara da zazzaɓin taifot su ke shiga gida. Ba rijiyarka kaɗai za ka duba ba, har da ta maƙwabcinka, ko da katanga ta raba ku. Ruwan ƙasa bai san katanga ba.

Kafin a sa diga, ka kira maƙwabci da mai unguwa su ga iyaka. In a birni ka ke, akwai hukumar tsara gari, sai ka nemi izninta tukuna.

To, sai ruwan da zai shigo. A nan mutane su ka fi ruɗuwa, gama hoton masai na zama, fari fat, yana da ban sha'awa. Amma mu yi lissafi. Irin wannan masai mai tanki a baya yana cin kamar lita 6 duk sa'ad da aka kora. A ce ku takwas ne a gida, kowa ya shiga sau uku a yini. Takwas sau uku, 24. Ashirin da huɗu sau shida, lita 144. Jarka mai lita 25 kusan guda shida ke nan, kowace rana ta Allah, ban da na sha da girki da wanki. Masai na tsuguno kuwa, wanda a ke korawa da buta ko ɗan bokiti, lita biyu ta isa: lita 48, jarka biyu. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ko matansa ke ja daga rijiya, ya dubi wannan lissafi da kyau. Masai na zama da babu ruwan kora shi ya fi tsohon rami wari.

Akwai kuma wani kwanon masai na roba mai suna SATO. Yana da ɗan marfi a ƙasa, ya buɗe in an zuba ruwa, ya rufe da kansa. Ruwan da ya ke bukata bai kai lita ɗaya ba, yana kuwa hana ƙuda da wari fitowa. A ganina, a ƙauyen da babu famfo, wannan ko na tsuguno ya fi. Sai dai in don tsoho ko majinyaci a ke ginin, wanda gwiwarsa ba ta yarda da tsuguno. Shi kam a nema masa na zama.

Game da ginin kansa, magini ya san aikinsa, amma akwai abin da za ka sa wa ido. Sabon ɗaki ya sami harsashinsa na kansa, kada a jingina shi da tsohon bango don a rage bulo. Sabon gini yana zaunawa kaɗan bayan damina ɗaya ko biyu, tsoho kuwa ya riga ya zauna, shi ya sa tsagewa ta ke fitowa daidai mahaɗa. Rufin ya zubar da ruwansa waje, kada indararo ya sauka a kan tsohon bango, balle in na ƙasa ne. Daɓen makewayi ya ɗan gangara zuwa rariya, kuma ya yi ƙasa da na ɗaki. A lokacin hunturu siminti yana bushewa da sauri ya yi rauni, sai a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Musulmi kuma ya gaya wa magini tun da wuri inda mai tsuguno zai fuskanta, don kada ya dubi alƙibla ko ya ba ta baya.

Yanzu sai sayen kaya: kwanon masai, bututu, kan famfo, shawa, da kwanon wanke hannu ga mai so.

A da, sai mutum ya hau mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, inda a ke sayar da kayan gini. Yanzu kuwa kasuwa ta shigo cikin waya. Akwai shaguna na intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012. Akwai Jiji, inda kowa ke sa hoton kayansa da lambar wayarsa. Waɗansu 'yan kasuwa kuma a Facebook da WhatsApp su ke talla. Ku lura, waɗannan ba ɗaya ba ne. A na farko, kamfani ne ya ke karɓar kuɗi ya aiko da kaya, yana da ƙa'idar mai da kaya in sun zo da illa. A sauran kuwa, kai da mai kaya ne kawai, babu mai shiga tsakani.

Babban amfanin waya shi ne sanin farashi. Kana zaune a zaure za ka ga kuɗin kan famfo a shago biyar. Ko ba ka saya a can ba, in ka je kasuwa ba mai yi maka tsada, don ka san abin da za ka taya. Wannan kaɗai ya isa dalilin koyon karatu da lambobi.

Amma Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna girma, ba ya nuna nauyi. Saboda haka kada ka sayi kome sai mai aikin famfo ya zo ya auna, ya faɗa maka, kai kuma ka rubuta da hannunka. Bututun masai inci 4 ne. Na ruwan wanka da wanke hannu inci 2 ko ɗaya da rabi. Na kawo ruwa rabin inci, ko uku bisa huɗu na inci. Masai na zama iri biyu ne: wani bakinsa yana fita ta baya ya shiga bango, wani yana sauka ƙasa ya shiga daɓe. 'Yan kasuwa suna rubuta P ga na bango, S ga na ƙasa. Harafi guda ne, amma in ka sayi P alhali bututunka a ƙasa ya ke, ko dai a fasa daɓe ko a ƙara sayen wani abin haɗi. Karanta abin da aka rubuta ƙarƙashin hoto kalma kalma. In da Turanci ne, kawo wa malamin aji ku duba tare. Wani lokaci hoto yana nuna masai da tanki da murfi, kuɗin da aka sa kuwa na murfin ne kaɗai.

Sa'an nan ka haɗa kuɗin dako. Misali, a ce ka ga kaya a waya Naira 20,000, a garinku kuwa 24,000. Ka ga kamar ka ci ribar 4,000. To, in dako daga Legas 6,000 ne, ka biya 26,000 ke nan, na waya ya fi tsada. Don haka ƙananan kaya marasa nauyi, kamar kan famfo, da shawa, da murfin rariya, su suka fi dacewa a saya ta waya. Siminti da bulo da dogon bututu, sayi na kusa. Kwanon tangaran kuwa yana fashewa a hanya. In za ka saye shi daga nesa, ku yi magana tukuna, wa zai ɗauki asara in ya zo a tsage? A rubuta amsar a saƙo, kada a tsaya ga faɗa da baki.

Araha ba ta ado. Kan famfo na tagulla yana da nauyi a hannu, yana shekaru. Akwai wani mai ƙyalli kamarsa, marar nauyi, wanda haƙorinsa ke cinyewa ya fara ɗiga. A hoto duk ɗaya su ke. Tambayi mai kaya da wane ƙarfe aka yi shi. In kuɗinka bai kai na tagulla ba, na roba mai kauri ya fi ƙarfen banza, ga shi ba ya tsatsa.

Maganar biya ita ce mai haɗari. In an yarda ka biya bayan kaya sun iso, zaɓi wannan. In mai kaya ya ce sai ka tura kuɗi duka, ba ka kuwa san shi ba, nemi ɗan'uwa ko ɗan garinku da ke can ya je shagon ya gani da idonsa. Wanda kayansa ya yi rabin kuɗin na kowa, yana kuma gaggauta ka wai saura ɗaya, rabu da shi. Lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki ke turo maka a saƙo, ba a ba kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne. Ajiye rasit da saƙonnin ciniki har a gama aiki.

Ran da kaya suka iso tasha, buɗe kwali a gaban direba ko wanda ya kawo. Ƙidaya su bisa takardarka. Ƙwanƙwasa tangaran da ɗan yatsa: lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, tsagagge kuwa muryarsa a dushe ta ke. In mai aikin famfo ya shimfiɗa bututu, ya ba shi gangare, kamar inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu. Kada ka bari a rufe da siminti sai an zuba bokiti biyu ko uku, ka tsaya a bakin rami ka ga ruwan ya fito, ka bi kowace mahaɗa da hannu ka ji babu lema. Bayan haka sai magini ya yi daɓe.