Kyamara Mai Fikisel Biliyan 12.5 Da Ke Farautar Kwak Masu Nauyi

Fasahar CMOS da ke cikin kyamarar wayarka ita ce masana ke amfani da ita wajen leƙa yadda duniya take a farkon samuwarta.

A cibiyar CERN, kan iyakar Faransa da Suwizalan, akwai na'urar LHC mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Tun 2010 ake gwara cibiyoyin ƙwayar zarra ta dalma a cikinta da gudu kusa da na haske. Zafin karon ya ninka na tsakiyar rana fiye da sau 100,000, har furoton da nutiron su narke, ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsu, wato kwak da gulon, su gauraye kamar kunu. Wannan kunun ba ya ko kai ƙiftawar ido, don haka babu mai ganinsa kai-tsaye.

Nan ne kwak masu nauyi ke da amfani. Biyu ake bibiya: charm, wanda ya ɗara furoton nauyi kaɗan, da beauty, wanda ya ninka furoton fiye da sau huɗu. Saboda nauyinsu, a farkon karon ake samar da su, kafin kunun ya haɗu, sai su ratsa shi daga farko har ƙarshe.

Ka ɗauki ranar kasuwa a Ɗambatta. Yaro in ya shiga cunkoso, duk inda aka tura shi nan zai bi. Bijimi kuwa da wuya a kautar da shi, amma shi ma tafiyarsa za ta ragu. Haka gwajin ALICE ya nuna: charm na rasa ƙarfi sosai, yana kuma bin inda kunun ya kwarara, beauty kuma ya fi turjiya. Daga wannan bambanci ake auna kaurin kunun.

To ta yaya ake gane su? Ƙwayoyin da ke ɗauke da charm kan tarwatse bayan tafiyar da ba ta kai milimita ɗaya ba. Kyamarar silikon ta ALICE, mai fikisel biliyan 12.5, wadda ta fara aiki a 2022, ita ke nuna daidai inda suka fashe.

A wannan cibiyar ce kuma Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989, wanda da shi kake karanta wannan bayani yanzu.