Mota Na Mutuwa A Silo: Abin Da Wayar Hannu Za Ta Iya Gano Wa Mai Tsohuwar Mota A Gaya Da Ajingi

Duk wanda ya saba bin hanyar Wudil zuwa Gaya, ko ya miƙa zuwa Ajingi, ya san motocin da ke jigilar jama'a da kayan gona a yankin: Golf da Sharon, sai tsofaffin Corolla da Camry da Honda. Yawancinsu 'yan Kwatano ne da suka haura shekara 20 da ƙerawa. Akwai cuta guda da ta zama ruwan dare a cikinsu. Mota tana gudu lafiya lau a kan titi, amma da direba ya ɗage ƙafa daga totur, sai allurar inji ta faɗi, mota ta kama karkarwa, ta mutu. Wannan shi ne abin da makanikai ke kira faɗuwar silo.

Matsalar ta wuce abin kunya a gaban fasinja. Idan inji ya mutu, sitiyari mai aiki da mai yakan yi nauyi nan take. Birki kuma yakan ba da taku ɗaya ko biyu masu laushi, daga nan ya sandare, domin ƙarfinsa daga zuƙar iskar inji yake zuwa. Wanda hakan ta same shi yana ƙoƙarin hawa babban titin Kano zuwa Maiduguri, ko a cunkoson Wudil ranar Juma'a da kasuwa ke ci, ga tireloli gaba da baya, ya san rai ake magana.

Sai kuma batun aljihu. Daga Gaya zuwa birnin Kano tafiyar sama da kilomita 50 ce. Idan aka ce a je Ƙofar Ruwa a sayo fulogi, gobe kwayil, jibi famfon mai, duk bisa kirdado, kuɗin da za a kashe ya isa a gyara motar sau uku. A nan ne wayar da ke aljihun mai mota za ta yi rana.

Mene ne silo, kuma me ke riƙe shi?

Silo shi ne jujjuyawar inji lokacin da mota ke tsaye a kunne ba a taka totur ba. A yawancin ƙananan motoci masu shan fetur, idan inji ya ɗauki zafi, allurar tana zama tsakanin 600 zuwa 900 a minti. A wannan hali ƙofar iska ta totur kusan a rufe take, saboda haka iska kaɗan ce ke shiga. Kwamfutar mota, wadda aka fi sani da birenbos, ita ke auna iskar ta ba da daidai man da za a ƙona.

Saboda iskar ba ta da yawa, ƙaramin kuskure ya isa ya kashe inji. Tsagar da ba a ko jin ta a gudun kilomita 100 tana iya zama babbar matsala a tsaye. Abubuwa huɗu ne ke riƙe da silo: iska, mai, wuta, da sensocin da ke kai wa birenbos rahoto. Duk wani bincike a cikin huɗun nan yake zagayawa.

Na'urar da ke haɗa waya da mota

Tun daga motocin 1996, dokar Amurka ta wajabta wa kamfanoni sanya tsarin binciken lafiyar inji mai suna OBD-II. Turai ta bi sahu a kan motocin fetur daga 2001. Tsarin yana da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka masa wata 'yar na'ura da aka fi sani da ELM327, wadda ba ta wuce girman akwatin ashana ba, ita kuma ta aika bayanai zuwa waya ta Bluetooth. Ana samunta a shagunan intanet irin su Jumia, kuma kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Haɗawar ba ta da wuya. A soka na'urar, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, a buɗe Bluetooth a haɗa. Lambar sirrin yawanci 1234 ce ko 0000. Daga nan a buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Da zarar an sauke manhajar, karanta bayanan inji ba ya buƙatar data, saboda haka rashin sabis a ƙauye ba cikas ba ne. Masu iPhone su lura: irin mai tsohuwar Bluetooth ba ta yi musu aiki, sai mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE.

Ba kowace mota ke jin wannan yare ba

Kafin a kashe kuɗi, a fara sanin asalin motar. Camry da Corolla da Accord da aka shigo da su daga Amurka, matuƙar daga 1996 suke zuwa sama, suna amsawa. Amma Golf 3, wadda Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991 kuma ta zama jakin hanyoyin Arewa, labarinta daban ne. Mafi yawan waɗanda suka zo daga Turai sun girmi dokar 2001. Ko da an ga soket mai ramuka 16 a jikinsu, suna magana ne da yaren kamfaninsu, wanda ELM327 mai araha ba ta fahimta. Irinsu sai da igiyar KKL da manhajar VCDS-Lite a kwamfutar cinya. Motar da ke aiki da kafireta kuwa ba ta da abin da za ta faɗa wa waya, sai dai kunne da idon bakanike.

Akwai gwaji na kyauta da ya kamata kowa ya yi. Idan aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, fitilar gargaɗi mai hoton inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Idan ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala kafin a sayar da motar.

Lambobin da aka fi gani

Idan manhaja ta yi bincike, takan fito da lambobi masu farawa da harafin P. Ga waɗanda suka shafi silo:

P0505 da P0506: tsarin riƙe silo ya sami matsala, ko silon ya yi ƙasa da yadda ake so.
P0171: iska ta yi wa mai yawa.
P0300 zuwa P0304: inji yana tsallake ƙona mai. Lambar ƙarshe tana nuna silindar da abin ya shafa, sifili kuma na nufin ba silinda ɗaya ba ce.
P0101: sensar auna iska, wato MAF, tana ba da rahoton da bai dace ba.
P0335: matsala a layin sensar da ke lura da jujjuyawar karanshaf.

Babban kuskuren masu sabon shiga shi ne ɗaukar lamba a matsayin hukunci. Lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba gidan ba. P0171 ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba. Sau da yawa tiyo ne ya tsage. Kuma kafin a danna maɓallin goge lambobi, a ɗauki hoton fuskar waya, domin gogewa tana tafiya har da bayanan halin da inji yake ciki lokacin da matsalar ta faru.

Alƙaluma uku da suka fi lambobi amfani

Manhajar tana nuna abin da ke faruwa a inji kai tsaye. Na farko a duba gyaran mai, wanda ake rubutawa STFT da LTFT. Shi ne adadin man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don daidaita ƙonewa. Idan jimlar biyun ta haura kashi 10 cikin 100 a silo, amma ta sauko da aka taka totur zuwa 2,500, alama ce ta iska na kutsowa ta wata kafa. Idan kuwa ƙaruwa take yi yayin da aka ƙara wuta, to mai ne ba ya isa: famfo, filta ko nozul.

Na biyu zafin ruwan inji. Bayan tafiyar minti 15 ya kamata ya kai wajen digiri 85 zuwa 95. A ƙasar nan an saba cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da sunan maganin zafi. Sakamakon haka inji ba ya kai zafin aikinsa, musamman da sanyin asubar hunturu, sai birenbos ya yi ta zuba mai fiye da kima, fulogi su yi baƙi, silo ya lalace.

Na uku ƙarfin wuta. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, sannan 13.5 zuwa 14.5 idan tana kunne. Idan ya faɗi ƙasa da 13 da aka kunna fitila da iyakwandishan, a duba caji da kan batir kafin a taɓa komai.

Lokacin da take mutuwa shi ma shaida ne

Ko motar da ba ta jin OBD-II tana ba da labari, in an lura. Idan tana mutuwa ne sa'ad da aka kunna iyakwandishan ko aka murɗa sitiyari a tsaye, abin zargi shi ne bawul ɗin riƙe silo, wato IAC, ko dattin ƙofar totur. Idan sai an taka birki take shiƙewa, a duba babban tiyon da ya tashi daga inji zuwa tukunyar birki. Idan sai ta yi zafi take mutuwa, ta ƙi tashi sai ta huce, hankali ya koma kan sensar karanshaf, kwayil ko famfon mai. Idan kuma daga shan mai abin ya fara, to man ne abin tuhuma.

Kyamarar waya tana da amfani a nan. Fasinja ya ɗauki bidiyon dashbod da ƙarar inji daidai lokacin da abin ke faruwa. Mota takan daina ciwo da zarar an isa gareji, amma bidiyo ba ya mantuwa.

Ƙura da mai: abokan gaba biyu na yankin

Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Gaya da Ajingi da yawa na ƙasa ne, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iyakilina takan toshe da wuri. Wasu sukan cire ta gaba ɗaya, ƙura ta wuce kai tsaye ta manne a sensar iska da ƙofar totur.

Ta ɓangaren mai kuwa, tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da dama lita kaɗan suke sha a lokaci guda. Famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi, saboda haka yawo da tanki kusan wayam yana rage masa kwana. Man jarka na 'yan bumburutu kuma yana iya zuwa da ruwa ko datti.

A fara da mai araha

Tsarin da ya fi tsimin kuɗi shi ne a bi daga sauƙi zuwa tsada: iyakilina, tiyoyin iska, kan batir, wanke ƙofar totur da IAC, fulogi, filtar mai, sannan auna ƙarfin famfo. Sayen sensa ko birenbos shi ne na ƙarshe. Kada a taɓa siririn wayar da ke cikin MAF da hannu ko tsumma, akwai abin fesawa na musamman dominta. Kada a fesa fetur a kan inji mai zafi da sunan neman inda iska ke shiga. Bayan wanke totur ko cire batir, wasu motocin sukan ɗauki ɗan lokaci kafin silo ya daidaita, wasu na Volkswagen kuma sai an saita su da kwamfuta.

Abin da ya fi dacewa a guje wa shi ne ɗaure wayar totur ko murɗa kusa don a ɗaga silo. Motar za ta daina mutuwa na ɗan lokaci, amma cutar tana nan, ga ƙarin shan mai. In an gama bincike a zare na'urar daga soket, domin tana jan wuta ko mota na kashe.

Waya ba za ta maye gurbin bakanike ba, domin ba ta riƙe sifana. Amfaninta shi ne mai mota ya isa gareji da hoton lambobi da bidiyo a hannu, ya ce, "Oga, ga abin da ta nuna, mu fara daga tiyo." Bakaniken kirki zai ji daɗin haka, tunda an rage masa lalube a duhu.